Shaidar Wana a Gaban Jandarma

Wana ne ya raka ni Tahoua ranar da na je shiga soja. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe gidan, shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, shi kuma ya cire ni lokacin da aikin gona ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Da na ce masa soja nake so, bai hana ni ba. Ya sayar da tunkiya, muka hau mota daga garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Illela da Malbaza, ya tsaya bakin ƙofar bariki cikin rana har aka kira ni ciki. Ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake ce masa, kuma duk abin da ya ce a gidanmu shi ke nan.

Bayan horo an kai ni arewa, daga baya aka mayar da mu gabas, bakin tabki, inda ake faɗa da mutanen daji. Mutane suna son in ba su labarin harbe-harbe, amma abin da ya fi yawa a can jira ne. Sauro, shinkafa da ba ta gama dahuwa ba, ruwa mai gishiri, da zama bayan mota kana kallon ciyawa kana tunanin ko akwai mutum a cikinta. An yi faɗa, na yi harbi, an harbe mu. Na samu ƙarin girma na zama kafaral. Na yi aure a wani hutu da na samu, na koma na bar matata hannun Inna, aka haifi ɗiyata ina can.

Abin da ya ƙare mini aikin nakiya ce da aka binne kan hanya. Muna cikin mota ta biyu a jerin. Ban ji ƙarar ba, na dai tsinci kaina kwance cikin rairayi, bakina cike da ƙasa, ina ganin mutane suna buɗe baki ba na jin abin da suke faɗi. Biyu daga cikin waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya sun mutu nan take. Ni na fita da ƙafafuna da hannuwana, sai dai kunnen hagu ya mutu, hannun dama kuma ya kama rawa, wadda har yau takan tashi idan raina ya ɓaci. Na yi watanni a asibiti. Da likitoci suka gama dubawa suka ce ba zan ƙara riƙe bindiga ba, aka sallame ni, na dawo gida da jaka guda.

An tarbe ni da kyau. Inna ta yanka zakara, maƙwabta suka yi ta shigowa barka da arziki. Sunana ya ɓace a garin, kowa Soja yake ce mini. Amma da baƙi suka ɗauke ƙafa sai na ga ban san yadda ake zama gida ba. Ba na iya ba ƙofa baya. In na shiga masallaci sai na nemi ƙarshen sahu, kusa da mafita. Barci ba ya zuwa sai kaɗan. Mutum ya gaishe ni ta hagu in wuce ban amsa ba, aka fara cewa na dawo da girman kai. Ɗiyata tana gudu ta ɓuya bayan uwarta idan na shigo, don muryata ta yi ƙarfi ban sani ba. Ranar kasuwar Illela na je sau ɗaya, turereniya da hayaniyar suka sa zufa ta jiƙa ni, na koma tasha ban sayi komai ba.

Gona kaɗai ke yi mini daɗi. In na kama hauya ina bin layin gero, hannun kan daina rawa. Ni da Yaya muke noma gonar mahaifinmu tare, da babban ɗansa, saurayi ne lokacin, mai ƙarfi da saurin fushi, wanda tun yana ƙarami yake bina yana son in koya masa maci.

Wata rana bayan girbi muka ɗauki amalanken shanu ni da Yaya za mu kai wake wani gari bakin kwalta. Muna tafe gefen hanya sai wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta zo wucewa, tayarta ta fashe dab da mu. Ban san lokacin da na bar amalanken ba. Da hankalina ya dawo ina kwance cikin kwazazzabo, na rufe kaina da hannuwa, ina kiran sunayen abokan nan nawa biyu ina ce musu su kwanta. Wandona ya jiƙe. Direban da yaransa sun sauko suna dubawa daga nesa. Yaya ya tuɓe rigarsa ta sama ya rufa mini, ya ce musu ƙanensa ne, farfaɗiya ce, su kama harkarsu. Ya ja ni ƙarƙashin wata bagaruwa muka zauna har wandona ya sha iska.

A nan na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, har matata. Na ce masa wani lokaci ina zaune lafiya sai in ji warin ƙonannen roba. Na ce masa akwai ranar da na farka na samu na riƙe wuyan hannun matata da ƙarfi har ya yi shati, ban san na yi ba. Na ce ina tsoron kaina ya taɓu. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wanga zance ya tsaya nan ƙarƙashin iccen ga. Ni da kai da Allah. Kanka lahiya lau yake, wahala ce ka sha." Tun da na dawo ban ji sauƙi irin na ranar ba.

A shekarun nan ne ɓarayin shanu suka matsa wa yankinmu. Suna ƙetarowa daga iyaka kan babura, su kore garke, wani lokaci su tafi da mutum. An shiga wani gari kusa da mu an tafi da wani ɗan kasuwa. Tsoro ya kama kowa. Sai maigarinmu ya aiko kirana. Na same shi ƙofar gidansa da dattawa, Yaya na cikinsu. Ya ce jandarma suna nesa, kafin su iso an gama ɓarna, ga shi Allah ya ba garin soja, yana so in haɗa samari in koya musu tsaron gari.

Na ce masa a'a. Na ce na san abin da ke faruwa idan aka ba saurayi sanda aka ce masa shi ne hukuma. Dattawan suka yi ta magana, na tsaya kan bakana. Da yamma Yaya ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado, abin da bai saba yi ba.

"Ka ba ni kunya gaban maigari," ya ce. "Mutane sun riƙe maka mata da ɗiya kana can. Yau sun nemi abu guda gare ka."

Na ce, "Yaya, ka san halin da nike ciki."

"Na sani. Shi ya sa nike son ka karɓa. Zaman banza ya fi komi cutar da kai."

Na karɓa, amma na kafa sharaɗi gaban maigari da dattawa da samarin duka. Babu bindiga, ko ta gargajiya. Babu wanda zai taɓa mutum. In an ga baƙon da ba a yarda da shi ba, a busa usur, a tashi gari, a kira jandarma ta waya. Maigari ya ce sharaɗin ya yi, liman ya yi addu'a, aka shafa.

Gaskiya watannin da suka biyo sun yi mini daɗi. Na raba samarin ƙungiya-ƙungiya, na nuna musu inda za su tsaya su ga hanya ba a gan su ba, na koya musu yadda ake tafiya ba surutu. Mata suna aiko mana fura. Waɗanda suke cewa ina da girman kai suka gane kunne ne, suka koma zagayowa ta dama in za su yi mini magana. Sau ɗaya aka hangi fitilun babura daga kudu, aka busa usur, gari ya tashi, suka juya. Washegari tsofaffi suna tare ni a hanya suna sa mini albarka. Ɗan Yaya na sa shugaban ƙungiya guda, don ya fi kowa himma, ko da yake nakan ja masa kunne kan zafin kai.

Sai ga shi wata safiya an wayi gari bijiman Yaya biyu, waɗanda ke jan amalanke, ba su a turke. Aka bi sawu ya ɓace cikin karan gona. Ranar ina gyaran rufin rumbu a gida, na ce wa samarin su bazu su tambaya garuruwan kusa, kada kowa ya yi abin da ban ce ba. Akwai wani Bafillace da ke sauka gonakinmu kowace shekara bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar mana taki. Kowa ya san shi, har gonarmu ya sha kwana. Wajen azahar wata mata da ta je ɗibar ruwa ta shigo gidanmu da gudu ta ce samari sun kama shi bakin rijiyar bayan gari.

Kafin in isa sun ɗaure shi jikin gawo. Kansa ya fashe, hannunsa guda na lilo, ya daina ma magana. Ɗan Yaya na tsaye da sanda yana tambayarsa inda ya kai bijimai. Na karɓe sandar na jefar, na yanke igiyar da wuƙar da nake gyaran rumbu da ita. Na ce a kawo amalanken jaki. Samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni da matar nan muka ɗora shi, na rungume kansa a ƙirjina har ƙaramin asibitin garin gaba. Malamin asibitin da ke wurin ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, aka samo mota aka wuce da shi Konni, bai farfaɗo ba. Na dawo gida da la'asar rigata duk jini.

Na tafi wajen maigari na gaya masa abin da na gani, da sunan duk wanda na samu wurin. Ya ce in je in huta, gobe za a san abin yi. Da na fito na hangi Yaya yana shiga ta ƙofar baya. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari da hantsi jandarma suka zo, mota guda, da babbansu mai muƙamin lajidan, wani dogon mutum mai furfura a gemu. 'Yan'uwan Bafillacen ne suka kai ƙara. Aka tara gari ƙofar maigari, maza a tabarmi, mata na leƙe ta katanga. Na duba cikin samarin ban ga ɗan Yaya ba. Lajidan ya tambayi wanda ya kafa 'yan sintiri a garin, da izinin wa.

Maigari ya gyara rawani ya ce shi bai kafa komai ba. Ya ce tun da Soja ya dawo yake tara yara yana koya musu abin soja, su kuma dattawa sun ga kamar wasa ne, ba su so su ɓata masa rai. Na dubi dattawan da suka roƙe ni, duk sun sunkuyar da kai. Liman yana jan tasbaha. Na buɗe baki zan yi magana lajidan ya ɗaga mini hannu ya ce za a zo kaina. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga dukan. Babu wanda ya miƙe. Matar da ta kira ni ba ta wurin, na ji daga baya mijinta ya kulle ta a gida.

Sai Yaya ya miƙe. Na ji sanyi a raina, na ce yanzu za a ji gaskiya, ko da rabinta ne. Har na juya masa kunnena mai ji don kada kalma ta wuce ni.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na rene shi. Ba ni son faɗin wanga zance, amma rai ya shiga ciki. Tun da ya dawo daga yaƙi kansa ba daidai yake ba." Ya ba da labarin ranar da taya ta fashe, bai rage komai ba. Kwazazzabon, sunayen matattun da nake kira, wandon. Ya faɗi zancen warin roba. Ya faɗi zancen hannun matata, ya ce a kira ta a tambaye ta in ƙarya yake. Ya ce idan abin ya taso mini ba na sanin wanda ke gabana. Bai ce ya ga na bugi mutumin ba. Cewa ya yi, "Jiya dai kowa ya gan shi da wuƙa, kowa ya ga rigarsa."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya lokacin da aka zo zancen wandon, aka tsawata masa. Hannuna ya kama rawa, irin wadda ba ta ɓoyuwa, na danne shi da ɗayan ya ƙi tsayawa. Duk taron suna kallon hannun. Lajidan ya tambaye ni abin da zan ce. Na faɗi abin da ya faru, amma muryata ta fita da ƙarfi tana sarƙewa, ni kaina na ji yadda take a kunnen mutane. Aka aika gida aka ɗauko rigar, matata ba ta riga ta wanke ba. Suka sa ni bayan mota. Da muka tashi na ga Inna tsaye bakin zaure da hannu a ka. Yaya bai dubi motar ba.

A birgad ɗin jandarma ba a dake ni ba, ba a zage ni ba. Lajidan ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya tambaye ni inda na yi aiki. Da na faɗa masa sai ya ce shi ma ya yi zama can gabas, ya san hanyar da abin ya same mu. Ya zagayo ta damana ya zauna. Ya ce shi bai gamsu da zancen garin ba, ya ga irinsa da yawa, amma gari guda sun haɗa baki, ga ɗan'uwana na jini ya yi shaida, ga riga. In mutumin ya mutu, sai dai alƙali. In ya tashi, za a ji daga bakinsa. Ya sa aka bar ƙofar ɗakin da aka ajiye ni a ɗan buɗe da rana, ban roƙe shi ba.

Na yi makonni a wurin. Daga garinmu babu wanda ya zo sai matata. Takan hau moto, babur ɗin haya, da ɗiyarmu a goye, da tuwo a kwano. Zuwanta na farko ta zauna ta ce, "Zancen hannuna, ni ban gaya ma kowa ba." Na ce na sani, ni na faɗa. Ta ce, "Da ni ka gaya ma sauran zantukan, da sun tsaya cikin ɗaki." Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ita ce ta gaya mini an ƙetar da ɗan Yaya Najeriya tun daren da abin ya faru, wajen dangin uwarsa. Ita ce kuma ta gaya mini an ga bijiman. Igiya suka tsinke suka shiga garka, lambun wani mutum a garin gaba, ya kama su ya ɗaure yana jiran mai su ya zo a yi maganar ɓarna.

Bafillacen bai mutu ba. Da ya samu bakin magana jandarma suka je asibiti suka tambaye shi. Ya faɗi waɗanda suka ɗaure shi, ya san su duka da iyayensu. Da aka tambaye shi ni, ya ce abin da ya tuna na ƙarshe shi ne Soja yana yanke igiya. Hannun nasa bai koma daidai ba, kuma bai sake sauka gonakinmu ba. Aka sake ni. Aka kama biyu daga cikin samarin, daga baya manya suka shiga tsakani aka sasanta da danginsa. Lajidan ya raka ni har bakin hanya ya ce akwai likita a Konni da ke duba irin ciwona, in daure in je.

Na koma gari na tarar kowa yana gaishe ni kamar daga kasuwa na dawo. Maigari ya aiko mini da goro. Babu wanda ya ce mini yi haƙuri, babu wanda ya tayar da zancen. Amma labarin ya riga ya zama na kowa. In moto ya yi ƙara a hanya sai in ga idanu sun juyo kaina ana jiran a ga abin da zan yi. Mata suna janye 'ya'yansu in na zo wucewa. A masallaci wanda ke kusa da ni yakan bar ɗan fili tsakaninmu. Hukuma ta wanke ni daga dukan mutum, amma sunan mai taɓin kai ya zauna.

Yaya ya ɗauki kwanaki yana kauce mini. Ran nan na same shi shi kaɗai a gona yana tara kara. Na yi masa sallama ya amsa, ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya har ya gaji ya ajiye.

Ya ce, "Ɗana ne. In sunka tahi da shi, mutumin ga ya mutu, ya ƙare ke nan. Kai soja ne, na san ba su wulaƙanta ka. Na san kuma in sunka ji ba ka da lahiya za su yi maka sauƙi. Ga shi kuwa ka hito."

Na ce, "Yaya, da ka zo ka same ni daren nan ka ce in ɗauka, wataƙila da na ɗauka. Ɗana ne ni ma. Da ma ka tashi ka ce ka ga na buge shi, ƙarya ce, za ta wuce. Mi ya kai ka ga zancen bakin kwalta?"

Ya ce, "In ban faɗi wannan ba, ba su yarda."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya duƙa ya ci gaba da tara karansa. Ina ganin a ransa ya gama lissafi tun tuni, ya ga ya ceci ɗansa kuma ƙanensa bai mutu ba, don haka ba a yi asara ba.

Na je wa Inna da zancen ina tsammanin ko ita za ta ce an zalunce ni. Ta kama hannuna tana shafawa, tana hawaye, ta ce in yi haƙuri, wana ne, ba shi da yadda zai yi. Daga yadda take magana na gane an gaya mata tun kafin jandarma su zo, kuma ba ta hana ba. Uwa ce, jikanta ne, tsohuwa ce. Amma na fita ɗakin nan na san zamana a garin ya ƙare.

Kafin damina muka kwashe muka koma Konni. Na so yin kabu-kabu kamar sauran waɗanda suka bar ƙauye, amma mai kunne guda ba ya tuƙa moto cikin garin nan. Wani mai garkar albasa da tumatir a bayan gari ya ɗauke ni ban ruwa da tsaro. Bai san labarina ba, ban kuma ba shi ba. Na je wajen likitan, ya saurare ni, ya ce ciwon yana da suna, sojoji da yawa suna da shi, ba hauka ba ne. Ya ba ni magani, barci ya ɗan gyaru. Na koyi gaya wa matata idan na ji abin yana tasowa, ita kuma takan janye yara ta bar ni in zauna tsakar gida har ya wuce. Ɗiyata ta shiga lakwal, ta daina guduna, mun ƙara samun namiji.

Ɗan Yaya ya dawo bayan ƙura ta lafa. An yi masa aure, aka aiko mana goron gayyata. Matata ta je saboda Inna, ni ban je ba. Ya taɓa zuwa garkar da nake aiki ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Shi na yafe masa, yaro ne ya yi aikin fushi, ya kuma buɗe baki ya nema. Na ce masa wanda ya kamata ya nema shi ne mutumin da ya nakasa. Ban sani ba ko ya je.

Da Inna ta rasu aka raba gonar mahaifinmu, aka ja iyaka da duwatsu. Ban sayar da nawa ba, ban kuma ba kowa aro ba. In ruwa ya sauka nakan hau mota da sassafe in sauka bakin hanya in taka zuwa gona, ba na shiga cikin gari. Sau da yawa nakan tarar da Yaya a nasa ɓangaren, ya tsufa, bayansa ya fara lanƙwasa. Nakan ce masa ina kwana Yaya, ya ce lahiya lau, ya ya yara. Mukan yi zancen ruwa, da tsutsar da ta kama gero, da tsadar taki. In rana ta take yakan aiko mini da fura daga tasa, in sha in mayar da kwaryar. Bai taɓa tambayata lafiyar jikina ba, ni ma ban sake gaya masa komai da ya shafe ni ba. Da la'asar sai in saɓa hauyata in koma bakin kwalta in jira motar Konni.